Heinkel 111: Jirgin Yaƙin da Jamus Ta Riƙa Biyan Bashi da Shi

(Taken shiri)

Yau za mu leƙa ƙasar Jamus, a zamanin da dattawanmu ke kira yaƙin Hitila, wato Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gwabza daga 1939 zuwa 1945. Masana'anta za mu fara shiga, daga nan mu bi ta kasuwa, mu ga yadda aka ƙera wani jirgin sama mai jefa bama-bamai da ake kira Heinkel 111, da yadda aka yi ta cinikinsa a ƙasashen waje. Sai a gyara zama.

Bayan Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙasashen da suka yi galaba a kanta sun sa ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar Versailles a 1919. Cikin sharuɗɗan akwai cewa ba za ta sake mallakar rundunar mayaƙan sama ba. Jamusawa suka amsa da baki, suka shiga neman hanya ta bayan gida. Sun riƙa horar da matuƙa a asirce a garin Lipetsk na Tarayyar Sobiyet tun daga 1925, kamfanoninsu kuma suna zana jiragen yaƙi a gida, a je a haɗa su a ƙasashe irin su Suwidin. Cikin waɗanda suka ƙware a wannan dabara akwai Ernst Heinkel, wanda ya kafa kamfaninsa a 1922 a Warnemünde, bakin teku, kusa da birnin Rostock.

Da Hitila ya hau mulki a Janairun 1933, sai abin ya tashi daga dabarar ɗan kasuwa ya zama manufar gwamnati. Aka buƙaci jirgi guda mai fuska biyu: a bainar jama'a ya ɗauki fasinja da wasiƙu, in an shiga daga ciki kuma ya ɗauki bam. Wasu tagwaye, Siegfried da Walter Günter, su suka zana shi a kamfanin Heinkel. Jirgin ya fara tashi ranar 24 ga Fabrairun 1935. A watan da ya biyo baya Jamus ta fito fili ta ce tana da rundunar mayaƙan sama, wadda ta raɗa wa suna Luftwaffe. Duk da haka, a Janairun 1936 aka kai jirgin filin Tempelhof na birnin Balin, aka tara 'yan jarida, aka nuna musu shi a matsayin jirgin fasinja mai gudun tsiya. Kamfanin Lufthansa ya karɓi kaɗan, kowanne na ɗaukar mutum goma. A tsakiyar jirgin akwai wani ɗan ɗaki mai kujera huɗu na masu shan taba. To wannan ɗaki, jama'a, shi ne ainihin ma'ajin bama-bamai, kujeru kawai aka jera a ciki. Lufthansa ba ta ga wata riba a jirgin ba, don kuwa tun farko ba don riba aka zana shi ba. Wasu ma daga cikin masu fentin farar hula an yi amfani da su wajen ɗaukar hotunan leƙen asiri a sararin samaniyar maƙwabta.

Yanzu mu shiga masana'anta. A farkon 1933, duk ma'aikatan ƙera jiragen sama a Jamus kimanin mutum 4,000 ne. Ba yadda za a yi kamfani ɗaya ya fitar da jirage ɗari-ɗari da irin wannan hannu. Sai ma'aikatar sufurin sama, ƙarƙashin Hermann Göring da mataimakinsa Erhard Milch, ta kama linzami. Ita ke ba da kuɗi, ita ke faɗin abin da za a ƙera, ita ke raba aikin. Wanda ya nuna taurin kai kuwa ya gani a ƙwaryarsa: Hugo Junkers, tsohon da ya yi suna a wannan sana'a, an tsare shi a gida aka ƙwace masa kamfani, ya mutu a 1935. Heinkel ya ga haka ya bi a hankali, ya kuma ci moriya.

A 1936 aka aza harsashin wata sabuwar masana'anta a Oranienburg, arewa da Balin, kusan duk da kuɗin gwamnati, musamman don wannan jirgi. Cikin kusan shekara guda jirgin farko ya fito daga cikinta. An warwatsa rumfunan aikin a cikin daji, nesa da juna, don kada bam ɗaya ya cinye su gaba ɗaya. Wanda ya gina masana'anta a haka a 1936 ya san abin da yake shiryawa. Aka kuma ba wasu kamfanoni, irin su Arado da Dornier da Junkers, izinin ƙera jirgin bisa zanen Heinkel.

Babbar matsalar jirgin tun daga farko ita ce inji. Rukunin farko an sa musu injin BMW, wanda ba shi da ƙarfin kirki. Da aka loda musu bama-bamai sai gudun ya zube, sojojin sama suka ce ba sa so. Aka koma injin Daimler-Benz, abin ya yi kyau, amma su ma jiragen farauta na Messerschmitt wannan inji suke buƙata, kuma su aka fifita. A ƙarshe aka tsaya a kan injin Jumo 211 na kamfanin Junkers, shi ne ke jikin samfurin da ake kira H, wanda aka fi ƙerawa. Samfurin nan shi ne wanda kuka saba gani a hotunan yaƙi: inji biyu, faffaɗan fiffike, da goshi na gilashi zalla, inda matuƙi da mai saita bam suke zaune kusa da juna. Yawanci mutum biyar ke cikinsa. Bama-baman a tsaye ake jera su, kai sama, guda takwas masu nauyin kilo 250 kowanne, tan biyu ke nan. Kafin a daina ƙera shi a Jamus a 1944, an fitar da sama da 6,000.

To yanzu ga inda maganar take da daɗi. Shi wancan rukunin farko da sojoji suka ƙi, ina aka kai shi? Kasuwa aka kai shi. Aka sayar wa ƙasar Sin.

Domin a gane dalili, sai a san halin da aljihun Jamus ke ciki. Ƙasa ce mai gawayin kwal da ƙwararrun injiniyoyi, amma ba ta da man fetur na a zo a gani, ba ta da roba, tamarta ba ta isa ba, ba ta kuma da ma'adinan da ke ƙara wa ƙarfe tauri, irin su tangistin da kurom. Ko ƙasar da ake narkawa a fitar da alminiyum, wanda da shi ake yin gangar jikin jirgi, daga waje take sayowa, musamman Hangari da Yugoslabiya. Ga shi kuma asusunta na kuɗin waje ya kusa ƙarewa. Sai shugaban babban bankinta, Hjalmar Schacht, ya fito da wani tsari a 1934, wanda a taƙaice cinikin ba ni gishiri in ba ka manda ne. Ka kawo wa Jamus ma'adini ko mai ko hatsi, ba za ta ƙirga maka dala ko fam ba, za ta rubuta maka a littafi, ka zo ka ɗauki kayan Jamus daidai kuɗinka. Kayan da gwamnatoci suka fi kwaɗayi a lokacin kuwa makamai ne. Ta haka jirgin yaƙi ya zama abin biyan bashi.

Sin tana da tangistin jibge, tana kuma fuskantar barazanar Japan, don haka kowa ya samu abin da yake nema. 'Yan jiragen Heinkel da suka isa can sun shiga yaƙi da Japan a 1937. Amma a 1938 Hitila ya zaɓi ƙawance da Japan, ya janye hafsoshin da ke ba sojojin Sin shawara, ya tsayar da tura makamai. Duk wanda ya taɓa sayen injin ban ruwa ya zo neman kayan gyara aka ce masa ba a kawo irinsa kuma, ya san abin da ya sami Sinawa. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe game da cinikin jirgin yaƙi, jiya da yau: ranar da aka biya kuɗi aka karɓi jirgi, a ranar dogaro da mai sayarwa yake farawa, domin inji da kayan gyara da horar da makanikai duk suna hannunsa.

Sifaniya kuwa filin gwaji ta zama. Da yaƙin basasa ya ɓarke a can a 1936, Hitila ya tura wa Janar Franco, jagoran ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu, wata runduna mai suna Condor, kuma a farkon 1937 jiragen Heinkel 111 suka isa. Suna cikin waɗanda suka yi wa garin Guernica ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilun 1937, ranar kasuwar garin. Taimakon nan ba kyauta ba ne. An kafa wasu kamfanoni biyu, HISMA da ROWAK, aikinsu shi ne kwasar tama da sauran ma'adinai daga Sifaniya da yankin Maroko da ke hannunta zuwa Jamus. Da yaƙin ya ƙare a 1939, Jamusawa suka bar wa Franco gomman jiragen suka koma gida.

Sun kuma koma da wani darasi na ƙarya. A Sifaniya jirgin yakan tsere wa yawancin jiragen farautar da ke binsa, sai hafsoshi suka ɗauka bindiga uku ta ishe shi kare kai. Za mu ji abin da wannan zato ya jawo.

Turkiyya ta karɓi guda 24 a tsakanin 1937 da 1938. Ita tana da kurom, tana kuma da wayo. Ba ta zuba ƙwanta a hannun mutum ɗaya ba: ta sayi jirage daga Jamus, ta saya daga Ingila, da Amurka, da Folan. Ta zauna 'yar ba ruwanmu kusan duk tsawon yaƙin, ta daina sayar wa Jamus kurom a Afrilun 1944, sannan a Fabrairun 1945, da ta ga inda iska ta kaɗa, ta shelanta yaƙi a kanta. Romaniya ita ce mai rijiyoyin mai na Ploieşti, waɗanda Jamus ba ta iya rayuwa ba tare da su ba. A 1940 ta karɓi Heinkel sama da 30, a shekarar ne kuma ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar mai a bakin makamai. A Agustan 1944 Romaniya ta sauya sheƙa, jirage ƙirar Jamus da ke hannunta suka juya kan Jamusawa. Hangari da Bulgeriya da Sulobakiya su ma sun samu 'yan kaɗan.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan jirgin yaƙin Jamus Heinkel 111. Kada zancen ciniki ya sa mu manta aikin da aka ƙera shi dominsa. Yana cikin jiragen da suka yi wa birnin Warso luguden wuta a Satumban 1939. Ranar 14 ga Mayun 1940, ana tsakiyar tattauna miƙa wuyan birnin Rotterdam na ƙasar Holan, jiragen Heinkel suka iso. An harba musu jan haske alamar su koma, wasu suka gani suka juya, saura suka saki kayansu. Ɗaruruwan mutane suka mutu, kimanin 80,000 suka rasa matsuguni, washegari sojojin Holan suka ajiye makamai. A daren 14 ga Nuwamban shekarar, jiragen Heinkel masu bin siginar rediyo ne suka shige gaba suka kunna wa birnin Coventry na Ingila wuta, don na baya su ga inda za su jefa. An rasa rai sama da 500.

A Ingilar ne kuma asirinsa ya tonu. Jiragen Hurricane da Spitfire sun fi shi gudu nesa ba kusa ba, bindigoginsa ba su isa ba, goshin gilashin nan kuma ba ya tare harsashi. Aka shiga ƙara masa bindigogi da sulke, nauyi ya ƙaru, gudu ya ragu. A gaskiya tun 1940 ya kamata a yi masa ritaya. Abin da ya hana shi ne wanda aka shirya ya gaje shi, Heinkel 177, injinsa yawan kamawa da wuta yake, sauran shirye-shiryen kuma suka watse. Dole aka ci gaba da ƙera tsoho. Ya yi jigilar abinci da harsasai zuwa ga sojojin da aka yi wa ƙawanya a Stalingrad, ya harba makamai kan jiragen ruwa, ya ja jirage marasa inji. A Mayun 1941 ma an shafa wa wasu tambarin Iraƙi aka tura su Mosul, don taimaka wa shugaban gwamnatin ƙasar, Rashid Ali, a tawayen da ya yi wa Ingilishi. Ba su daɗe ba.

Su wa suke wannan aiki a masana'anta bayan an kwashe matasan Jamus zuwa fagen daga? Mutanen da aka kamo ne daga Folan, da Tarayyar Sobiyet, da Faransa da sauran ƙasashen da aka mamaye, aka sa su aikin tilas. A garin Oranienburg ɗin nan ne sansanin gwale-gwale na Sachsenhausen yake, kuma daga 1942 aka buɗe masa reshe a cikin harabar masana'antar Heinkel kanta, inda dubban fursunoni suka yi aiki cikin yunwa da duka, da yawa suka mutu. Kamfanin Heinkel na cikin na farko-farko da suka rungumi wannan tsari. Duk wanda zai yaba gwanintar injiniyoyin, to ya haɗa da wannan a lissafinsa. Shi Heinkel bayan yaƙi an tsare shi na ɗan lokaci, daga baya aka wanke shi, ya koma ƙera babura da ƙananan motoci, ya mutu a 1958.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ashe jirgin nan ya taɓa zuwa ƙofar gidanmu. Bayan Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai suka buɗe wata hanya: a kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau, a haɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, su sauka Kano, su bi ta Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Hartum, sannan su gangara Alƙahira. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Abin da ya sa ta yiwu shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da ke gefen Ingila, tun Agustan 1940, don haka Fort Lamy, wadda muke kira Njamena yanzu, ta zama zango a hanyar, kuma sansanin da hafsan Faransa Leclerc ke shirya hare-harensa zuwa kudancin Libiya.

Akwai wani Bajamushe, Theo Blaich, wanda kafin yaƙi yake da gandu a Kamaru, ya kuma san yankin sarai. Shi ya nace wa manyansa cewa a kula da Fort Lamy. A Janairun 1942 aka ba shi Heinkel 111 guda ɗaya tak. Suka tashi daga wani ɗan fili a can ƙuryar kudancin Libiya, tare da wani hafsan Italiya masanin hamada, suka keta Sahara tafiyar sama da kilomita 1,000. Mutanen Fort Lamy ba su taɓa tsammanin hari daga sama ba, don haka ba wanda ya tare su. Suka jefa bama-bamai a filin jirgin, suka ƙone ɗimbin man jirage da aka sha wahalar tarawa. A hanyar komawa mai ya ƙare musu, suka sauka a tsakiyar hamada, suka yi kwanaki suna lallaɓa ɗan ruwan da ke hannunsu, har wani jirgin sintiri na Italiya ya hango su, aka kawo musu mai suka tashi. Harin bai rufe hanyar Takoradi ba, amma ya sa an ƙarfafa tsaron garin. Daga Njamena zuwa Maiduguri a miƙe kimanin kilomita 200 ne kawai.

Saura ƙarshen cinikin, wanda ya fi kowanne ban mamaki. A 1940 Sifaniya ta sayi izinin ƙera jirgin da kanta, aka ba kamfanin CASA aikin a birnin Seville. Aiki ya yi ta jan ƙafa saboda Jamus ba ta da injin da za ta ba wani, nata ma bai ishe ta ba. Jirgin farko bai tashi ba sai a Mayun 1945, watan da Jamus ta miƙa wuya. Sifaniyawa suka tsinci kansu da gangar jiki ba mai sayar musu da inji. Suka yi ta maneji da ragowar injinan Jumo da aka samo a Faransa, har kayan gyara suka ƙare. Daga nan suka nufi Ingila, suka sayo injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce, wato irin injin da ke jikin Spitfire da Hurricane, jiragen da suka yi ta kakkaɓo Heinkel a 1940. Ingilishi kuwa suka sayar, suka karɓi kuɗinsu.

An ƙera guda 236 a Sifaniya. Sun jefa bama-bamai a nahiyarmu a yaƙin Ifni, kudancin Maroko, tsakanin 1957 da 1958. A fim ɗin da aka fitar a 1969 kan yaƙin sararin samaniyar Ingila, jiragen Sifaniyan nan ne aka yi wa fentin Jamus, masu sa ido kuma sukan gane su ta siffar injin. Sojojin saman Sifaniya ba su ajiye su ba sai a shekarun 1970. Na ƙarshe da ke iya tashi ya faɗi a kusa da garin Cheyenne na Amurka a Yulin 2003, matuƙansa biyu suka rasu.

Jama'a, lokaci ya cim mana. Idan a gidanku ko unguwarku akwai dattijon da ya ji daga bakin iyayensa yadda jiragen Ingilishi suke sauka a Kano da Maiduguri a zamanin yaƙin Hitila, ko wanda danginsa suka shaida harin Fort Lamy, ku zauna da shi ku rubuta abin da ya faɗa, ku aiko mana mu karanta a shiri na gaba. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

(Taken rufe shiri)